Farin Hijabin Yaya Bahijja

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Yaya Bahijja ta dawo yau bayan la'asar. Ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe a jami'a. Ko jaka ba ta ajiye ba Umma ta saki muciya ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ta zo da wani farin hijabi da aka cika da rubutu, ja da baƙi da shuɗi, tun daga wuya har ƙasa. Wai haka ake yi. Ranar da ɗalibi ya gama sai ya sa fararen kaya, abokan karatu su bi shi da alƙalami, kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Maza riga, su Yaya hijabi. Umma ta karɓa da hannu biyu ta rataye shi a ƙusar da ke saman gadonta.

Na yi murna, Allah ya sani. Murnata ma biyu ce. Baba ya daɗe da yanke magana cewa ba zan nemi jami'a ba sai ya ga ƙarshen karatun Yaya da idonsa. Ya ce shi manomi ne, ba ya kama sabuwar kunya a gona bai kai ta farko ƙarshe ba. To ga ta Yaya ta kai, ni kuma bana nake aji shida na sakandare.

Abu ɗaya dai. Da jaka ɗaya ta zo. Babu katifa, babu bokiti, babu risho. Na tambaya, ta ce ta bar wa wata. Yayar da ko murfin biro ba ta bar wa mutum.

Lahadi, 20 ga Oktoba

An tuƙa tuwon shinkafa tukunya biyu, mata sun cika tsakar gida. Umma ba ta karanta boko, don haka ni aka tsayar a tsakiya da hijabin in karanta musu. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dai karanta, na Turanci ina fassarawa. Wata ta rubuta Allah ya ba da miji nagari, aka yi ta shewa. Wata ta ce ba za ta manta da yajin Yaya ba.

Gwaggo Asabe, yayar Baba, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni dai ƙyalle na gani an ɓata da tawada. Ina takardar?"

Yaya ta ce sai majalisar jami'a ta zauna ta amince da sakamako tukuna.

Gwaggo ta ce, "Har da majalisa. To Allah ya zaunar da su."

Can ƙasa, ta ciki wajen kalmasa, na ga wani ɗan ƙaramin rubutu da jan alƙalami: "Zango ɗaya ne kacal, ki daure." An sa suna Ilham, ƙawar Yaya da take yawan ambata. Na tsaya. Umma ta ce ci gaba mana. Na ce tawadar ce ta dagule a nan, na tsallake.

Ban san dalilin da ya sa na tsallake ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Wanda ya gama, me zai daure wa?

Litinin, 4 ga Nuwamba

Yau na yi ƙarfin hali na bi Malama Zubaida, malamar lissafinmu, har ƙofar ofis. Na ce wata ƙawata ce ta sa in tambaya yadda ake gama jami'a. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce in zauna.

Ta ce ba kamar sakandare ba ne da ake tafiya da aji gaba ɗaya. Shekara zango biyu ce. Kowane zango ɗalibi da kansa zai yi rajistar darussan da zai ɗauka, kwas-kwas ake ce musu, kowanne da lambarsa da nauyinsa. Lambar farko ita ke nuna ajin: wanda ya fara da ɗaya na aji ɗaya ne, wanda ya fara da huɗu na aji huɗu. Idan ka faɗi ɗaya ba a hana ka wucewa gaba, sai dai ka ɗauko shi a ka zuwa baɗi, shi ne kariyoba. A ƙarshe za a tattara duka a duba. Ko ɗaya ya rage, babu takarda, sai ka koma ka yi shi.

Na ce, ko mutum ya sa fararen kaya an yi masa rubutu?

Ta yi dariya. "Hamdiyya, ƙyalle a kasuwa ake sayensa. Ba jami'a ke bayarwa ba."

Maganar rajista dai ba baƙuwata ba ce. Ina aji uku Yaya tana shiga aji biyu a jami'a, zazzaɓi ya kwantar da ita a gida, ga shi ranar za a rufe. Ni ta aika shagon kwamfuta na bakin tasha da jerin kwas ɗinta. Rubutunta kamar kaza ta yi tonon ƙasa, sai na zauna na kwafe shi tsaf a sabuwar takarda don kada mai shagon ya yi kuskure. Har yabon rubutuna ya yi. Wato ni ma da hannuna a karatun nan.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun je gona Burumburum, ana bugun shinkafa. Yaya ta ce kanta na ciwo, ba ta bi mu ba.

Da rana na kai wa Hasiya ƙwaryarta a ruga. Su ne suke yi mana kiwo tun zamanin kakanmu. Ina ta leƙen garke ban ga tunkiyar Yaya ba, mai baƙin kunnen nan da Baba ya ba ta da ta yi sauka. Hasiya ta ce ai ta tafi kasuwa tun watan jiya, mai ita ce ta aiko a sayar. Sai kuma ta kama bakinta ta ce, "Ko ba ku sani ba? To ni ban ce komai ba."

A hanyar dawowa ina bayan Baba a babur, sau biyu na buɗe baki. Iska ta mayar mini da maganar.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Wayarta tana kan tabarma tana caji, saƙo ya shigo. Ban taɓa ba, idona ne ya kai. Wani wai shi Mujitaba. "An saka ranar farawa, tara ga wata, ƙarfe takwas. Kada ki makara."

Farawar me? Waye Mujitaba?

Da ta shigo ta gani, sai ta kife wayar ta tambaye ni ko na yi sallah. Alhali tare muka yi azahar ɗin.

Na lissafa abubuwa uku. Ko dai an kore ta tuntuni tana ɓoyewa. Ko ta faɗi jarrabawa. Ko akwai wani mutum a can da ba ta so a sani. Astagfirullah. Amma na rubuta, ba zan goge ba.

Litinin, 9 ga Disamba

Ta tafi tun da sassafe, motar farko. Ta ce wa Baba kiliyarans za ta yi, wato bin ofis-ofis ana sa hannu cewa ba ta riƙe littafin laburare ko mabuɗin ɗaki ba. Baba ya ce Allah ya tsare.

Tara ga wata. Ƙarfe takwas.

Ta tafi da garin tuwo da kuka da daddawa. Sa hannu da tuwo ake yi?

Juma'a, 27 ga Disamba

Sati uku ke nan saura kaɗan. Gwaggo Asabe ta zo gaida Baba, ta ce, "Sabo, ofisoshin nan nawa ne? Ko ɗaya tana Kano ɗaya tana Makka?" Baba ya ci gaba da gyaran buhu.

Da za ta tafi ta kama haɓata ta ce, "Ke ma can ɗin kike hange ko? Ki jira ki ga abin da ta farko za ta kawo."

Na kau da kai. Ni dama ba na iya cewa komai. Sai a littafin nan.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yaya ta zo hutun ƙarshen mako. Ta rame. Tana wanka na buɗe jakarta. Na san ba kyau.

Akwai sabon littafin rubutu. A bangon an rubuta Ƙididdiga, da lamba a ƙasa. Lambar da biyu ta fara. Na buɗe, kwanan watan shafin ƙarshe na ranar Laraba ne, Larabar nan da ta wuce. A shafin farko kuma an rubuta sunan shugaban aji da lambar wayarsa: Mujitaba.

To zatona na uku dai ya fita, Allah ya yafe mini. Amma wadda ta gama aji huɗu tana zaune a aji biyu tana kwafar darasi. Ke nan ta faɗi. Ta faɗi ta bar Umma tana guɗa, ta bar ni a tsakiyar mata ina karanta ƙarya.

Na mayar da littafin yadda na same shi, bango yana kallon ƙasa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Muna tsince shinkafa na ce, "Yaya, ƙididdiga tana da wuya?"

Hannunta ya tsaya a faranti. Ta ce, "Wa ya ce miki?"

Na ce a makaranta ake koya mana.

Ta ce, "Ba ta da wuya." Ta ci gaba da tsinta, tana zubar da shinkafa tana barin tsakuwa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An buɗe rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a. An ce za a rufe takwas ga Maris. A ajinmu mutum tara sun riga sun shirya takardunsu. Malama Zubaida ta tambaye ni a gaban kowa yaushe zan je, na ce ba da daɗewa ba.

Da yamma Baba yana zaure na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa da ƙyar. Ya ce, "Maganata ba ta canza ba. Takardar yayarki ta zo, ko gobe ne, mu tafi."

Na ce idan an rufe fa?

Ya ce, "Shekara kwana ce."

A wurinsa. Ni na san abin da shekara guda a gida take yi wa karatu. Maƙwabciyarmu Baturiya ta fi ni ƙoƙari, ta ce baɗi, baɗi, yanzu ko littafinta ba ta san inda yake ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gwaggo ta kawo labari. Wani yaro ɗan Kiru da suka gama rana ɗaya da Yaya ya karɓo takardar sakamakonsa, har an sa a gilashi an rataye. Wato majalisa ta zauna.

Umma ta ce kowa da sashensa. Ta faɗa tana kallon hijabin.

Baba ya kira Yaya a waya. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ji ya ce "to" sau uku.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ta zo. Na jira har muka fita bayan gida wanki, mu biyu kawai. Na ce na ga littafin. Na ce na ga abin da Ilham ta rubuta, na san zancen tunkiya.

Ta daɗe tana cuɗa zane ɗaya. Sannan ta ce, "Kin zama 'yar sanda ke nan, Malama Hamdiyya."

Ta amsa. Kwas ɗaya ne na aji biyu ya rage mata. Sai da aka zo tattara sakamakon ƙarshe aka gano, saura sati biyu su gama. Dole ta sake zama a aji zango guda, ta yi gwaji, ta yi jarrabawa a Afrilu. Tunkiyar ita ta yi mata rajistar wannan zangon. Katifarta tana ɗakin wasu 'yan aji uku, a ƙasa take kwana.

Na ce, "Kin faɗi ke nan."

Ta ce, "Ban faɗi ba."

Na ce to me ya faru?

Ta ce, "Ki ba ni zuwa Afrilu."

Na ce takwas ga Maris ake rufewa. Ta ce ta sani, tana ta lallaɓa Umma ta yi wa Baba magana. Na ce da ta faɗi gaskiya tun ranar farko da tuni an san abin yi. Na ce ta zaɓi mutuncinta ta bar ni. Ban taɓa yi mata magana haka ba.

Ta ce da niyyar faɗa ta zo ranar, guɗar Umma ce ta riga ta. Ta ce, "Hamdi, ki bar shi haka. Don Allah kada ki tona."

Mutumin da bai faɗi ba, me ya sa zai ce kada a tona?

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ta koma. Na yanke shawara zan gaya wa Baba. Amma Baba ba ya karɓar magana babu shaida. Sai na samo takardar da ta nuna ta faɗi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na samo. Da ma ban nema ba.

Akwatinta yana ƙarƙashin gadon Umma. Na bari Umma ta tafi barka, na jawo. Akwai koren fayil da take tara takardun makaranta, kowane aji an ɗaure shi daban. Na buɗe na aji biyu.

Farko wata wasiƙa ce da ta rubuta wa shugaban sashensu, tana roƙo. Ta ce ta halarci darasin, ta yi jarrabawar, malamin ma ya tabbatar ta ci. A ƙasa an rubuta amsa da jan biro, gajeriya: ba a yi rajistar kwas ɗin ba a wancan zango, don haka sakamakon ba ya shiga lissafi.

A bayan wasiƙar an haɗa takardu biyu da allura. Ɗaya na gane ta nan take. Rubutuna ne, ga layi na ja da rula, kwas takwas, kowanne da lambarsa, babu gogewa ko ɗaya. Ɗayar ita ce ta Yaya da na kwafa daga ciki, duk ta yamutse. Na gwada su layi-layi. Takwas, takwas. Daidai. Har na ji sanyi a raina.

Sai na ga wata 'yar kibiya a ƙasan tata, a kusurwa, tana nuna gefe.

Na juya.

Layi ɗaya ne a bayan. Ƙididdiga. Kwas na tara.

Na tuna ranar sarai. Na tuna ina jin daɗin yadda jerin ya ƙare daidai ƙarshen shafi. Na tuna na mayar mata da takardun duka a leda, tana kwance tana rawar sanyi, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta tura su ƙarƙashin filo.

Ban juya ba. Shekara uku ban juya ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Wata huɗu ina bin sawun ɓarawo, sawun ya kawo ni ƙofar ɗakina.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi. Yaya ta zo ta yi na farko a gida. Na ajiye mata takardun biyu a kan cinya.

Ta kalla ta ce, "Ai na ce kada ki tona."

Na fara kuka. Ta ce in yi shiru kada in karya azumina da majina. Ta ce ba laifina ba ne, ita ce babba, ita ya kamata ta duba abin da aka buga kafin ta kai a sa hannu, zango shida ta yi ba ta sake waiwayarsa ba. Ta ce ta san Baba, zai tambayi yadda aka yi tun daga tushe, kuma idan Gwaggo ta ji sunana a ciki, shi ke nan an samu abin faɗa a kaina har tsufa.

Na ce amma ba don ni kaɗai kika yi shiru ba.

Ta yi murmushi ta ce, "A'a. Rabi don ke, rabi don tuwon nan tukunya biyu."

Lahadi, 2 ga Maris

Bayan la'asar Baba yana zaure yana jan carbi. Na shiga da takardun. Yaya ta biyo ni, ban kira ta ba.

Na faɗa duka. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na fara daga shagon kwamfuta har zuwa akwati. Yaya tana cewa laifinta ne, ina cewa nawa ne, har Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗaya bayan ɗaya. Nan ba kasuwar Tudun Wada ba ce."

Ya karɓi takardun. Ba ya karanta boko sosai, amma ya ƙirga layukan da yatsa. Ya juya ta Yaya, ya ga layin, ya juya tawa, ya ga fari fat. Ya sake juyawa.

Ya tambayi Yaya ko da gaske ta ci wancan karon. Ta ce ta ci. Ya ce wannan karon fa? Ta ce gwajin da aka yi ta samu ashirin da shida cikin talatin. Ya ce saura me? Ta ce jarrabawa a Afrilu, sai majalisa.

Ya ce, "Idan mai shuka ya tsallake rami, komawa ake yi a cike. Wannan ba abin ɓoyo ba ne. Abin da ya yi mini ciwo, Bahijja, tunkiyarki ta shiga kasuwa ina raye, kuma a bakin Hasiya na ji."

Ashe ya sani tun Nuwamba. Yaya ta sunkuyar da kai.

Ni ko kallona bai yi ba. Ya ninke takardun ya sa a aljihu, ya ce mu je mu taya Umma aiki. Zancen rajista bai taso ba, ni kuma ba ni da bakin tayar da shi.

Talata, 4 ga Maris

Shiru. Saura kwana huɗu. Malama Zubaida ta daina tambaya.

Na duba wa Yaya wasu lissafi uku a littafinta kafin ta koma jiya. Biyu daidai, ɗaya ta manta ta raba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na sa kayan makaranta zan fita, Baba yana goge babur. Ya ce, "Koma ki ɗauko takardunki da lambar katin ɗan ƙasa."

Na tsaya kamar an dasa ni.

Ya ce, "Kunyar noman yayarki saura taki ɗaya, ina hango ƙarshenta daga nan. Yi sauri rana na yi."

Cibiyar rajistar cike take, mun yi layi har azahar, ga azumi. Baba bai zauna ba. Da aka zo kaina ma'aikacin ya shigar da komai, ya ɗauki hoton yatsuna, ya buga takarda ya miƙo mini yana kiran na gaba. Ban matsa ba. Na karanta sunana harafi-harafi, da ranar haihuwa, da darussa huɗun da na zaɓa. Na sake karantawa. Mutanen baya suka fara tsaki.

Daga bayana na ji Baba ya ce, "Juya bayanta."

Na juya. Babu komai. Ya karɓa shi ma ya juya, sannan ya ce mu tafi.

A hanya ya tsaya ya sayi rake. Ya ce na shan ruwa ne, kada in sa rai.

Asabar, 8 ga Maris

Gwaggo ta zo ta ji komai. Ta ce ai ita tun farko ta faɗa. Ta daɗe tana faɗa. Da za ta tafi ta tambayi yaushe ne Afrilun, a watanmu na Hausa.

Da hantsi Umma ta sauko da hijabin don ta kaɗe shi. Na zaci za ta ɓoye a akwati. Sai ta shimfiɗa a gado, ta laluba kalmasa, ta ɗora yatsa daidai kan jan rubutun nan. Ta ce, "Karanta mini inda tawada ta dagule."

Na karanta.

Ta ce, "Haka na yi zato. Ke ba ki taɓa tsallake layi ba tun kina aji ɗaya." Sai kuma ta kalle ni ta gefen ido.

Wato a gidan nan kowa ya san wani abu yana zaune a kai. Ni kaɗai na ɗauka ni ce mai ido.

Ta fita ta bar ni in mayar. Biro yana aljihuna, ban yi niyya ba. Kowa ya rubuta nasa ban da ni, shi ne kawai dalilin. Ba wani dogon abu ba ne, kuma rubutun bai yi kyau ba, ƙyalle ba ya zama a layi.

A ciki na rubuta, ƙarƙashin na Ilham. Duk mai son karantawa sai ya juya.